Ido da Gani a Fim Ɗin Ɓarawon Bagadaza

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabinmu sun fi mai da hankali ga waƙa da zube da wasan kwaikwayo, suka bar silima kamar ba ta cancanci nazari ba. A wannan takarda za mu duba fim ɗin The Thief of Bagdad, wato Ɓarawon Bagadaza, wanda Alexander Korda ya shirya, ya fito a 1940. An fara ɗaukarsa a Ingila, Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka ƙarasa shi a Amurka. Ya ci lambar Oscar uku: ta ɗaukar hoto mai launi, da ta tsara dandali, da ta dabarun hoto. Manufarmu ita ce mu nuna cewa kyawun hotunansa shi ne ke ɗauke da jigonsa.

2.0 Jigo

Jigon fim ɗin shi ne gani. Ahmad, Sarkin Bagadaza, yana da ido, amma bai san halin da talakawansa ke ciki ba. Wazirinsa Ja'afar ya zuga shi ya ɓad da kama ya shiga gari, daga nan ya sa aka kama shi a matsayin mahaukaci. A kurkuku ya haɗu da Abu, ƙaramin ɓarawo, suka gudu Basara. Can kuma Ja'afar ya makantar da shi ta hanyar sihiri, ya mai da Abu kare. Sai da mulki da ido suka kuɓuce masa sannan ya san mutane.

3.0 Yadda Hoto Ya Warware Jigo

Tun a farkon fim ɗin, abin da ake nuna mana shi ne ƙaton ido da aka zana a goshin jirgin ruwan Ja'afar. Shi kansa Ja'afar, wanda Conrad Veidt ya fito a matsayinsa, da ido yake sihirinsa. Gimbiyar Basara kuwa an haramta wa kowa ganin fuskarta. In za ta wuce sai a watse kasuwa. Ita ma a cikin ruwan kududdufi ta fara ganin surar Ahmad, har ta zaci aljani ne. Daga baya Abu ya hau gadar gizo-gizo cikin cikin wani gunki, ya ɓamɓaro jan dutsen da ke nuna duk abin da ke faruwa a duniya. Ke nan babu wani babban mataki na labarin da bai rataya a kan ido ba.

Wurin da ya fi burge mu shi ne bakin teku, inda Abu ya buɗe kwalba, hayaƙi ya turnuƙe ya zama aljani. An ɗauki ɗan wasa a gaban shuɗin bango, aka cire shuɗin, aka ɗora surarsa a kan wani hoton. Lawrence Butler ne ya inganta wannan dabara. Da ita aka nuna tafin ƙafar aljani ya rufe yaron baki ɗaya. Wannan tazara tsakanin babba da ƙarami ita ta ba wayon Abu armashi, da ya ce bai yarda ƙato irin wannan zai shiga kwalba ba.

4.0 Dangantaka da Adabin Hausa

Yaron Fakku ko na Tambuwal da ya tashi da tatsuniyar Gizo ba zai ga Abu baƙo ba, don ya san yadda mai rauni kan ka da mai ƙarfi da dabara. Labarin aljanin kwalba yana cikin Dare Dubu da Ɗaya, mugun waziri kuma mun san shi a Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Bambancin shi ne, mai tatsuniya yakan bar wa mai sauraro ya ƙera dodonsa a zuci, fim kuwa ya riga ya ƙera masa. Saboda haka nauyin da ke kan mai fim ya fi yawa: duk hoton da ya gaza wanda ke zuciyar mai kallo, ya rage wa labari ƙarfi.

5.0 Naƙasu

Bagadazar fim ɗin ta tunanin Turawa ce. An cakuɗa gine-ginen Larabawa da gumaka masu kama da na Indiya. Sarki da gimbiya Turawa ne, aka ba Sabu, Ba'indiye, matsayin ɓarawo, aka ba Rex Ingram, baƙar fatar Amurka, na aljani. Wannan rabo bai kamata ya wuce ba a faɗa ba.

6.0 Kammalawa

Ruwan Bagaja da Ganɗoki, na 1934, cike suke da aljanu da ƙasashen al'ajabi. Duk mai niyyar mai da irinsu fim, ya fara tantance jigonsu, sannan ya zaɓi hotunan da za su ɗauke shi, kamar yadda ido ya ɗauki labarin Ahmad da Abu.