Ɗalibin Kasuwanci da Takardar Gona

A ajin kasuwanci ana daɗewa kan dokar kwangila da ta kamfani, dokar filaye kuwa sai a taɓa ta sama-sama. Wannan kuskure ne. Ɗauki manomin rake a Makarfi da ke neman rance. Takardar cinikin da dagaci ya sa wa hannu ba ta isar banki. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma jinginar fili sai da amincewar hukuma. A 1989 Kotun Ƙoli ta soke jinginar da Ajilo ya yi wa Savannah Bank saboda babu izinin gwamna. To ɗalibin da bai san wannan ba, wace shawara zai ba manomi? A kai ɗalibai KADGIS su ga yadda ake rajista.