Coci da Maƙabarta a Tsibirin Sapelo: Sharhi a kan Littafin Cornelia Bailey

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi sharhi ne a kan littafin "God, Dr. Buzzard, and the Bolito Man", wanda Cornelia Walker Bailey ta rubuta da taimakon Christena Bledsoe, aka buga a shekarar 2000. Sunan littafin ya haɗa abubuwa uku da mutanenta suka jingina da su, wato Allah, da boka, da mai caca. An haifi marubuciyar a 1945 a tsibirin Sapelo da ke gaɓar jihar Jojiya ta Amurka, ta rasu a 2017. Sharhin zai tsaya ne kan tarihin ƙaramin cocin Baftis na tsibirin da maƙabartarsa, da kuma da'awar da ake yi cewa akwai ɓurɓushin Musulunci a cikin al'adunsu.

Taƙaitaccen Tarihi

A 1802 wani Bature mai suna Thomas Spalding ya sayi kudancin tsibirin, ya zuba bayi suna noma masa auduga da rake. Shugaban bayin nan wani Musulmi ne mai suna Bilali Muhammad, mutumin Timbo ta Futa Jalo, a ƙasar Gini ta yanzu. Marubuciyar tana cikin zuriyarsa.

Bayan an kammala yaƙin basasar Amurka a 1865, 'yantattun bayi suka kafa cocin First African Baptist a 1866, a wani wuri da ake kira Hanging Bull. A 1871 wasu daga cikinsu suka haɗa kuɗi suka sayi fili a Raccoon Bluff. Guguwar teku ta 1898 ta rushe ginin farko, sai suka sake ginawa a Raccoon Bluff wajen 1900, da katakon da ruwa ya watso gaɓa. A 1934 attajirin taba, R. J. Reynolds ƙarami, ya mallaki mafi yawan tsibirin, ya yi ta tashin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ta hanyar musayar filaye da matsin lamba, har aka tattara kowa a Hog Hammock. A can aka gina sabon coci a 1968, tsohon ya zama kango sai a 2000 aka gyara shi. Maƙabartar kuwa sunanta Behavior, sunan da ta gada daga wata tsohuwar unguwar bayi. A 1996 aka shigar da ita da tsohon cocin cikin kundin wuraren tarihi na Amurka.

Ƙarfin Littafin

Babban abin yabo shi ne, mai ɗaki ce ke faɗin inda yake yoyo. Kafin littafin nan, mafi yawan abin da aka rubuta game da Sapelo baƙi ne suka rubuta, ko da kuwa masu adalci ne irin su William McFeely, mai littafin "Sapelo's People" na 1994. Bailey kuwa a cikin cocin ta tashi, kuma iyalinta na cikin waɗanda aka tasa daga ƙauyen Belle Marsh. Saboda haka ta san abin da takardun gwamnati ba su ɗauka ba: yadda ake shirya matashi kafin a yi masa baftisma, da yadda ake zagayen ibada ana jan ƙafa ana tafi, da yadda masu ɗauke da gawa kan tsaya a ƙofar maƙabarta su nemi izinin magabata kafin su shiga.

Haka kuma ba ta yi wa mutanenta kwalliya ba. Ta nuna cewa wanda ya cika coci ranar Lahadi shi ne kuma kan nemi laƙani wurin boka idan ta ɓaci. Wannan gaskiya ta fi amfani ga mai nazari fiye da irin tarihin da akan rubuta don bikin cikar coci shekara ɗari, wanda ba ya wuce jerin sunayen fastoci da ranar da aka sauya rufi.

Rauninsa ta fuskar tsari shi ne ƙarancin shekaru. Labari ne irin na hira, yana gaba yana komawa baya, ta yadda mai son sanin wane abu ya riga wane sai ya nemi wasu littattafai.

Batun Fuskantar Gabas

Inda ya kamata mai karatu ya yi hattara shi ne wajen fassarar al'adu. Bailey ta faɗi cewa an koya musu yin addu'a suna fuskantar gabas, ta kuma danganta wannan da kakansu Bilali. Marubutan da suka biyo baya sun faɗaɗa zancen. Sun haɗa da zaman maza daban mata daban a coci, da rufe kai da mata ke yi, da yadda kaburburan Behavior ke kallon gabas, suka ce duk gadon Musulunci ne.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa zancen ke da daɗin ji, domin a wurinsa gabas ita ce alƙibla. Sai dai kuma shi ne ya fi kowa sanin inda hujjar kabari ta yi rauni. Musulmi akan kwantar da shi ne a kan ɓarinsa na dama, fuskarsa na kallon alƙibla. Shi ya sa kabarinmu ke miƙe kudu da arewa, kai a kudu. Kabarin da ya miƙe gabas da yamma, kai a yamma ƙafa a gabas, tsohuwar al'adar Kirista ce, don mamaci ya tashi yana fuskantar gabas ranar tashin ƙiyama. Haka ake binne Turawa da baƙaƙe a ƙauyukan kudancin Amurka, har a wuraren da ba a taɓa jin labarin wani Musulmi ba. Raba maza da mata ma abu ne sananne a majami'un karkara na ƙarni na 19, har wasu kan yi ƙofa biyu saboda haka. Rufe kai kuwa yana da madogara a wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa.

Wannan ba yana nufin Bilali bai bar komai ba. Abin nufi shi ne, al'adar da addinai biyu suka yi tarayya a kanta ba ta isa ta zama shaidar ɗaya kaɗai ba. Kama da wane ba ta wane.

Inda Hujja Take

Shaidu masu ƙarfi suna wani wuri dabam. Na farko shi ne rubutun Larabci mai shafi 13 da Bilali ya bari, wanda ke ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya. An daɗe ana zaton labarin rayuwarsa ne. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya nuna wa malamai hoton rubutun. Da farko suka ce aikin aljanu ne saboda rikicewar baƙaƙensa, daga baya aka gane batun alwala da salla da kiran salla yake yi. A maƙalarsa ta 1940 Greenberg ya danganta shi da Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda har yau ake karantawa a zaurukanmu. Wasu masana daga baya sun ce ba kwafi ba ne kai tsaye, abin da ya saura ne a ƙwaƙwalwar almajirin fiƙihun Malikiyya.

Na biyu shi ne hirarrakin da aka tattara a littafin "Drums and Shadows" na 1940. A ciki wata tsohuwa, Katie Brown, tattaɓa-kunnen Bilali, ta ba da labarin yadda shi da matarsa suke jan carbi suna salla a kan 'yar shimfiɗa a lokuta ƙayyadaddu, da yadda kakarta kan yi wani dunƙulen shinkafa ta raba wa yara, ana kiransa "saraka". Duk wanda ya taɓa karɓar gumba sadaka ya san asalin kalmar. Irin wannan shaida ba ta da wata fassara ta biyu a cikin al'adar Baftis.

Kammalawa

A taƙaice, maƙabartar Behavior tana da abin da take shaida, amma ba alƙibla ba ce. A 2010, bisa roƙon jama'ar gari, masana kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa suka bincika ta da na'ura, domin masu haƙa kabari suna yawan cin karo da tsofaffin ƙasusuwa. An gano kaburbura masu yawa da ba su da alama. Wannan shi ne hujjar cewa mutanen nan sun daɗe a kan ƙasar, alhali ƙauyukansu sun ɓace saura guda. A 2023 hukumar gundumar McIntosh ta sassauta dokar girman gidaje a Hog Hammock, mazauna suka yi ƙorafin cewa haraji zai hau har ya kore su. A irin wannan hali, tarihin coci da maƙabarta makami ne na kare gado, kuma makami ba ya son tsatsa. Littafin Bailey ya cancanci karatu da girmamawa. Hakkin masu nazari shi ne su tace abin da ya tabbata daga abin da ake fata, don kada rauni ɗaya ya ja a yi watsi da sauran. Wannan ƙa'ida ita ce kuma ta dace da masu rubuta tarihin kufai da tsofaffin maƙabartunmu.