Gwani Da Mai Taurin Rai: Wa Muke Yi Wa Kari?

Idan kaka ta yi, an cire auduga an kai dawa rumbu a Gozaki da ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, kalangu kan kira mu filin dambe. A nan halinmu yake fitowa. Gwanin da ya iya kauce wa naushi, ya yi kisa tun turmin farko, muna jinjina masa. Amma ihu da kari na wanda ya sha duka ne, baki ya fashe, ya ƙi kai gwiwa ƙasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwaninta baiwa ce, sai dai mu kalla daga nesa. Juriya kuwa 'yar gida ce. Wanda ya yi huɗa da noma da maimai, ya ci bashin taki, ruwa ya ɗauke masa ana gab da bunni, kansa yake gani a jikin mai shan duka. Ɗan Anace, wanda ya yi wa manoma da 'yan dambe waƙa, ya gane wannan. Abin da ya zauna mana a zuciya daga waƙar Shago shi ne rashin tsoron mutuwa, ba iya sarrafa hannu ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A wasan hoki na kan ƙanƙara a Kanada da Amurka, 'yan kallo sun daɗe suna ƙaunar 'yan wasan da aikinsu faɗa ne don kare gwanayen ƙungiya. Derek Boogaard ya buga wasa 277 a babbar gasarsu, sau 3 kacal ya ci, amma magoya bayan Minnesota Wild sun ɗauke shi ɗan lele. Ya mutu a 2011 yana ɗan shekara 28, likitoci suka tarar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu da irin cutar da yawan duka a ka ke jawowa.

Nan ne ya kamata mu tuhumi kanmu. Yabon juriya ba laifi ba ne, amma mai yabo ba ya asarar haƙori. Yaron da ke kallo a gefen fili yana lura da inda kuɗi ke zuba, sai ya koyi tsayawa ya sha naushi maimakon ya koyi kaucewa. Makaɗa da marubutanmu sun cika mana kunne da ranar da jarumi ya ƙi faɗuwa. Muna jiran wanda zai bi shi gida bayan shekara 20, ya faɗa mana wa ke saya masa magani.