Wa Ke Ba da Umarnin Naɗa Mayalin? Sharhi a Kan Wani Ra'ayi

1.0 Gabatarwa

Mayalin wani rufi ne mai kitse wanda ke naɗe zaren jijiya, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki, domin saƙo ya yi sauri. Ba jijiyar ce ke yin sa ba. A gaɓoɓin jiki aikin ƙwayoyin Shuwan ne, a ƙwaƙwalwa da laka kuwa na ƙwayoyin oligodendirosait. Ra'ayin da ya yaɗu shi ne, waɗannan ƙwayoyi ba sa naɗi sai jijiya ta ba su umarni. A wannan takarda za mu auna wannan ra'ayi.

2.0 Hujjojin Masu Ra'ayin

A 1993 Barres da Raff sun nuna cewa idan aka tsayar da saƙon lantarki a jijiyar idon ɓera, ƙwayoyin da za su zama oligodendirosait sukan rage hayayyafa. A 2004 kuma Michailov da abokan aikinsa suka gano cewa wani furotin da ke jikin zaren, mai suna nuregulin, shi ke ƙayyade kaurin mayalin a gaɓoɓi: in ya ragu rufin ya sirance, in ya ƙaru ya yi kauri.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Kuskuren da muka hango shi ne ɗora hukuncin gaɓoɓi a kan ƙwaƙwalwa. A 2008 Brinkmann da abokan aikinsa sun cire nuregulin daga jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye, amma mayalin ya samu. Bugu da ƙari, a 2012 Lee da abokan aikinsa sun ga oligodendirosait na naɗe zaren roba marar rai, muddin kaurinsa ya kai kimanin maikiron 0.4. To, wa ya ba shi umarni a nan?

4.0 Kammalawa

A ganinmu, ra'ayin ya tabbata a gaɓoɓi, amma a ƙwaƙwalwa jijiya daidaita naɗin take yi, watau yawansa da kaurinsa, ba ita kaɗai ke fara shi ba. Wajibi ne mu malamai mu bambance wa ɗalibai waɗannan biyu, domin mai neman gyaran mayalin da cuta ta cinye a ƙwaƙwalwa, in ya bi sawun gaɓoɓi kawai, zai ɓata hanya.