Tsagiya Ɗaya, Ƙwarya Biyu: Gwanintar Masu Goge a Ƙasar Magariya da Dungas

Da an gama yankan gero, an cire gyaɗa, riɗi ya shiga buhu, sai ƙasar Magariya da Dungas ta sauya murya. Daga wajen Nuwamba har zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin biki ne: aure, suna, naɗin sarauta, kokawar samari a dandali. Ba wanda ke buga takarda ya manna a bango ya ce ga jadawalin wasannin bana, amma duk makaɗin da ke tsakanin Bande da Waca, ko tsakanin Malawa da Dogo-Dogo, ya san cewa watannin nan su ne gonarsa. Abin da bai samu a cikinsu ba, da wuya ya same shi da damina, lokacin da shi kansa yake duƙe a kunya da hauya.

Turawa ma suna da irin wannan lokaci, sai dai nasu a rubuce yake. A Landan akwai zauren Wigmore, wanda aka buɗe a 1901, kujerunsa ba su wuce 550 da 'yan kai ba. Daga Satumba har tsakiyar shekara mai zuwa, kusan kowane dare akwai wasa a cikinsa, kuma daga cikin manyan wasanninsa akwai na mutum huɗu: biyu da ƙananan goge irin nasu, ɗaya da matsakaici, na huɗu da babba wanda ake tokarawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ba su da madugu mai sanda a gabansu. Wanda ya kafa wannan tsari da gindinsa, Joseph Haydn ɗan ƙasar Ostiriya (1732 zuwa 1809), makaɗin fada ne sak. A 1761 ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy, ya yi kusan shekara 30 yana tsara kiɗan da ubangidansa ke so, a ranar da yake so. Duk wanda ya san matsayin makaɗi Ma'azu Ɗan Alalo a fadar Damagaram ba sai an yi masa dogon bayani ba. Har gobe kuma bakan da Turawan ke goga wa kayansu gashin wutsiyar doki ne, ana shafa masa ƙaro don ya kama.

To, mu ma muna da kiɗan mutum uku ko huɗu, wanda ba na hawan doki ba ne, ba na filin dambe ba. Kakaki da tambari da algaita na ƙofar fada ne, an yi su don a ji su daga nesa. Goge da garaya da gurmi da kukuma na zama kusa ne, a kan tabarma, inda mai sauraro ke ganin yatsun makaɗi. A cikinsu, goge ne ya fi ba ni mamaki, domin kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba, amma abin da gwani ke fitarwa daga cikinsu ya wuce lissafi.

Rabin ƙwarya ce, a rufe bakinta da fatar guza, a kafe fatar, a huda mata ƙofa a gefe don sauti ya fita. A soka sanda ta ratsa ta. A ɗauko tsagiya, gashin wutsiyar doki mai yawa a haɗe wuri guda, a ja ta daga kan sandar zuwa gindin ƙwarya, ta bi ta kan wani ɗan ice da ake ce wa jaki, wanda ke zaune a kan fata. Bakan gogawa shi ma tsagiya ce a jikin lanƙwasasshen ƙarfe ko ice. Shi ke nan. Gogen Bature igiya huɗu gare shi, da allo a ƙarƙashinsu wanda yatsa ke danna igiyar a kai. Namu igiya ɗaya ce tilo, a iska take, nesa da sanda. Mai goge ba ya danna ta har ƙasa, taɓa ta yake yi da cikin yatsu, kuma ba alama ko ɗaya da ke nuna masa inda zai taɓa. Ya matsa kaɗan, muryar ta kauce. Ya sassauta yatsa ya sauya nauyin baka, sai ta yi tsalle sama ta koma siririya. Duk wannan a kunne yake da hannu.

Sannan kayan ba sa zama yadda aka bar su. Fata tana jin yanayi. Da hunturu, iskar da ke gangarowa daga arewa ta busar da ita ta ɗame, murya ta hau. Da dare ya raba, raɓa ta sauka, sai ta saki, goge ya soma magana ta hanci. Shi ya sa za ka ga mai goge a tsakiyar wasa ya miƙa fuskar fatar wajen garwashi, ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya ture jaki gaba kaɗan, ya goga ƙaro, ya ja baka sau biyu yana karkata kai. Masu kiɗan ƙwarya ba sa tsayawa yayin da yake wannan gyara. Suna riƙe masa fili har ya dawo, kuma a daidai inda ya kamata yake dawowa.

Nan ne gwanintar take, kuma nan ne mutane suka fi raina ta. Mai kallo yakan ɗauka masu ƙwarya 'yan rakiya ne. Ƙwarya ce dai a kife a ƙasa, kowa da 'yan sanduna biyu. Amma duba da kyau. Ɗaya yana riƙe da gindin kiɗa, ba ya gaba ba ya baya, ko da filin zai kama da wuta. Ɗayan yana yanka a tsakani, yana cike guraben da na farko ya bari, yana zolayar ƙafar mai rawa. In su biyun suka bugi wuri ɗaya, kiɗa ya mutu. In na biyun ya yi zuru ya manta da na farko, kiɗa ya watse. A kan wannan shimfiɗa mai goge ke yawo: ya ja layi da baka, ya maimaita shi da murya, 'yan amshi su karɓa. Kuma 'yan amshi ba su san inda zai yanke ba sai ya yanke. Wani lokaci baitin gajere ne, wani lokaci ya hango wani babban baƙo ya shigo, ya tsawaita don ya saka sunansa da na kakansa. Dole su shigo kan lokaci, ba su taka masa magana ba, ba su bar rami ba.

Da me suke sanin lokacin? Da numfashinsa. Da yadda ya ɗaga kafaɗa. Da wata 'yar karya murya da yake yi a ƙarshen layi, wadda mai sauraro ba ya ma lura da ita. Idan zai sauya kiɗa, ba ya juyowa ya ce a sauya. Sai ya saka kan sabon taken a cikin wutsiyar tsohon, masu ƙwarya su tsinta a bugu ɗaya ko biyu. Makaɗan Wigmore su ma haka suke yi, da ido da numfashi, amma su kowa da takarda a gabansa wadda ta faɗa masa abin da zai zo. Namu ba takarda. Ba na cewa wannan ya sa sun fi su, aikin ne daban: wancan fassara abin da aka riga aka tsara yake yi, wannan kuwa yana tsarawa yana bugawa a lokaci guda, a gaban mutanen da za su gane nan take in ya yi tuntuɓe.

Za su gane ne domin goge magana yake yi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kowace gaɓa da muryarta da tsawonta, kuma gwani yana bin wannan hawa da saukar da tsagiya har mai sauraro ya ji kalmomin ba tare da an buɗe baki ba. Manoma da takensu, mahauta da nasu, maƙera da nasu, wasu gidaje ma da nasu. Dattijo na zaune yana hira, sai ka ga ya yi shiru ya gyara zama: an taɓo taken gidansu. Hannunsa ya tafi aljihu. Ƙasar nan kuwa ba ƙaramin karatu ba ce ga makaɗi. Dungas da Waca tsofaffin sarautun Sosebaki ne, Magariya tarihinta a ɗaure yake da Daura, ga Fulani, ga Barebari, ga 'yan kasuwa da ke ƙetarowa daga Babura da Maigatari da naira a aljihu. Kowa da kirarin da zai motsa shi, da wanda zai ɓata masa rai.

Mafi wuyar karatun yana wajen bori, ko mutum yana so ko ba ya so. Kowane iska da kiɗansa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Malam Alhaji daban, na Inna daban. Mai goge ko mai garaya sai ya haddace su da yawa, ya san wanda ke bin wani, ya san lokacin da zai ƙara wuta da lokacin da zai sassauta. Wannan alaƙa ce, tare da ta gidajen shaye-shaye, ta ja wa goge baƙin jini wajen malamai tun zamanin jihadi, kuma yau wa'azi ya ƙara tsananta a kansa. Abin lura shi ne a Yendi ta ƙasar Dagomba, arewacin Gana, wannan goge ɗin dai kayan fada ne, da shi ake yi wa sarkinsu Ya Na kirari. Jacqueline DjeDje, wata farfesa daga Amurka, ta rubuta littafi sukutum a 2008 kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba. Mu da muke da abin, sau da yawa ɗan mai goge kunyar faɗin sana'ar ubansa yake ji.

Koyon kuwa ba na gaggawa ba ne. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da kunna garwashi. Sai a ba shi ƙwarya, gindin kiɗa tukuna, ya daɗe a kai. In ya yi saurin hannu, maigida ba zai daina wasa ba, harara ɗaya ta isa. In an tashi ne zai ce masa, "Kai yaro, kunnenka na ina?" Shi kuwa ba abin da zai ce sai, "A yi haƙuri, Baba." Daga nan amshi. Kafin a yarda ya ja baka a bainar jama'a, kiɗan ya riga ya zauna masa a ka, hannu kawai ya rage. Malam Mamman Barka, ɗan Tesker a nan jihar Damagaram, wanda ya rasu a 2018, yana da suna a gurmi tun tuni, amma da ya so biram, kayan kiɗan Buduma mai siffar kwalekwale, sai da ya tafi bakin Tabkin Cadi ya durƙusa gaban tsoho Bukar Tar kamar sabon almajiri.

Yau a bukukuwa da yawa, janareta da manyan lasifikoki da fiyano sun karɓe fili. Mutum ɗaya da na'ura ya fi arha bisa ciyar da mutum biyar, kuma amarya waƙar fim take so. Duk da haka wayar hannu ta yi wa tsofaffin makaɗa wani alheri da ba a zata ba: a rumfar masu caji, da 'yan kuɗi kaɗan za a tura maka Garba Supa da Hassan Wayam da Haruna Uji a kati. Kayan haɗa goge ne ke ƙara wuya. Guza ya yi ƙaranci inda daji ya zama gona, doki kuma ba kowane gida ba. Masu gurmi da molo tuni suka koma zaren kamun kifi, kamar yadda kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos ya karɓi gwangwanin kifi a madadin ƙoƙo. Goge ya fi su taurin kai. Tsagiya tana da kaushin da ke riƙe ƙaro, kuma wannan 'yar shaƙewar murya da ke sa shi kama da mutum daga gugar gashi da gashi take fitowa, don haka har yanzu mai goge sai ya nemi mai doki.