Harshen Jurcen a Kunnen Tafinta: Sharhi a kan Littafin Daniel Kane

A shekarar 1989 ne Jami'ar Indiyana ta Amurka ta buga littafin Daniel Kane mai suna The Sino-Jurchen Vocabulary of the Bureau of Interpreters. Littafin nazari ne na wani jerin kalmomi fiye da 1,000 na harshen Jurcen, wanda ma'aikatan ofishin tafintoci na daular Ming ta ƙasar Sin suka tara domin ganawa da baƙin da ke kawo gaisuwa fada. Abin da ya jawo hankalina gare shi tambaya ce da ta shafi kowane manazarcin harshe: shin yaya za a amince da shaidar baƙo a kan harshen da babu sauran mai magana da shi balle ya gyara kuskure?

Su dai Jurcen mutanen arewa maso gabashin Sin ne, harshensu kuwa na dangin Tungus ne. A 1115 Aguda ya kafa musu daular Jin, wato "zinariya", a 1127 suka ci Kaifeng, babban birnin daular Song, suka mallaki arewacin Sin har 1234 da Mongol suka rushe su. Tun 1119 Wanyan Xiyin ya ƙago musu rubutu bisa tsarin na Kitan da na Sinanci. Sai dai mulki bai tsare harshen ba. Masu sarauta suka rungumi Sinanci, har Sarki Shizong, wanda ya yi mulki daga 1161 zuwa 1189, ya sa aka fassara littattafan Konfushiyas, aka kuma soma jarrabawar shiga aikin gwamnati da Jurcen a 1173, don gudun kada 'ya'yan masu mulki su tashi ba su iya harshen iyayensu ba.

Hikimar Kane ita ce zaɓen wannan kundi. Wanda Wilhelm Grube ya buga a 1896, Gisaburo Kiyose kuma ya sake nazarinsa a 1977, na ofishin mafassara ne, yana kuma ɗauke da haruffan Jurcen, saboda haka shi ne mabuɗin karanta rubutun da ke jikin duwatsu, kamar dutsen tunawa da nasarar Aguda na 1185. Amma takardun koke da ke haɗe da shi suna da babban aibi: kalmomin na Jurcen ne, ginin jimlar kuwa na Sinanci, kamar mai ɗora Hausa kalma bayan kalma a kan jimlar Larabci. Kundin tafintoci ba shi da harafin Jurcen ko ɗaya. An rubuta abin da kunne ya ji ne, saboda haka ya fi kusa da maganar baka. Kane ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya cikin haƙuri, kuma a nan babu abin da za a ce sai yabo.

To, amma a nan gizo ke saƙar. Haruffan Sinanci kowanne gaɓa ce sukutum, ba baƙi ko wasali ba. Ba su rarrabe /r/ da /l/ yadda ya kamata, baƙin ƙarshen gaɓa kuwa ko dai a yar da shi ko a ƙara masa wasalin da babu shi. Tilas mai nazari ya nemi ma'auni daga waje, ma'aunin da ke hannu kuwa shi ne harshen Mancu. Ni a ganina wannan hanya tana da tarko. Idan da Mancu aka cike giɓin kowace kalma, sannan aka juyo aka ce ga shi Jurcen ya yi kama da Mancu, an ba mai ƙara alƙalanci ke nan. Inda kundin ya saɓa wa Mancu, ta yaya za a tantance ko karin harshe ne, ko tsohuwar siga, ko kuwa kunnen tafinta ne ya zame? Wanda ya taɓa gwada kalmomin Hausa da ke cikin Polyglotta Africana na Koelle, na 1854, da Hausar da yake ji a gida, ya san irin wannan zamewa. Bambancin shi ne mu muna da waɗanda za mu tambaya.

Saura batun kiran Jurcen mataccen harshe, wanda ya zama ruwan dare a rubuce-rubuce. Rubutun kam ya mutu: dutsen haikalin Yongning na 1413, kusa da bakin kogin Amur, yana cikin na ƙarshe, kuma a 1599 Nurhaci ya sa aka aro haruffan Mongol. Sunan ma an kashe shi da gangan, domin a 1635 Hong Taiji ya hana a ce Jurcen, ya ce a ce Mancu. Harshen kuwa bai yanke ba. Sauye-sauye ya yi, kamar /p/ ta farkon kalma ta zamanin Jin da ta koma /f/. Kalmomin da Kane ya tsara su da kansu suna nuna wannan zare, ko da an rage abin da hanyar nazarin ta cusa. Mancu ne ya zo ya bi sawun kakansa bayan cin Bejin a 1644, ya narke cikin Sinanci a hankali, har ya zama reshen da ya fi rai a yau shi ne na mutanen Sibe, zuriyar dakarun da aka tura yankin Ili na Shinjiyan a 1764.