Santa Fe da yayin laka ta ƙarya

Duk wanda ya ga hotunan birnin Santa Fe na jihar Niyu Meziko a Amurka zai rantse garin laka ne gaba ɗaya. Bankuna, otal-otal, har gidajen mai, duk launin jar ƙasa, kusurwoyi a goge, ga kawunan azara sun leƙo daga bango. Mafi yawansu babu laka a jikinsu. Katako ne ko bulo aka shafe da siminti mai launi, azarar ma sau da yawa guntaye ne aka manna don ado, ba ta ɗauke da nauyin komai. Tun 1957 birnin ya kafa dokar da ta tilasta wa gine-ginen tsohon gari su yi kama da na da, daga nan yayin ya game unguwannin masu kuɗi har maƙwabtan jihohi. Ni kam ba ya burge ni.

Ginin laka a kwarin kogin Rio Grande ya riga zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Mutanen Pueblo, 'yan asalin yankin, da hannu suke cura laka suna ɗora ta, kuma benayen Taos Pueblo, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1992, har yau da mutane a ciki. Sifaniyawan da Juan de Oñate ya jagoranta a 1598 su suka zo da akwatin katako na buga tubali mai kusurwa huɗu, da tanderun laka na gasa burodi. Daga hannayen nan biyu ginin yankin ya fito.

Sai dai haɗuwar ba ta ruwan sanyi ba ce, kuma a nan ne siminti yake yi wa tarihi kwalliyar da bai cancanta ba. A 1599 sojojin Oñate sun karkashe ɗaruruwan mutane a Acoma, garin da ke saman wani tsauni. Bayan shekara talatin aka fara gina cocin San Esteban a wurin, jikokin waɗanda aka kashe da 'ya'yansu aka sa su hauro da ƙasa har saman dutsen, azara kuma suka ɗauko ta a kafaɗa daga tsaunin Taylor mai nisan gaske. A 1680, ƙarƙashin jagorancin Popé, garuruwan Pueblo suka yi wa Sifaniyawa taron dangi, suka ƙona coci-coci, suka kore su har shekara 12. Da suka dawo a 1692 sai zaman dole ya kama, ga auratayya, ga cinikayya, ga bayi. Amurka ba ta mallaki yankin ba sai 1848. Bangon Acoma yana ɗauke da duk wannan. Bangon banki mai fenti ba ya ɗauke da komai sai abin da ɗan yawon buɗe ido yake son gani.

Hujjata mafi ƙarfi tana Ranchos de Taos, inda cocin San Francisco de Asís yake. A 1967 aka shafe shi da siminti don a huta da wahalar yaɓe. Danshi ya maƙale a ciki, tubali ya fara narkewa ta ƙarƙashi, har sai da aka ɓamɓare simintin a 1979 aka koma wa laka. Maginin Kano ko Zariya ba zai yi mamaki ba, ya san laka numfashi take yi. Tun daga lokacin, kowane watan Yuni jama'ar garin suke yin gayya: a kwaɓa ƙasa da yashi da ciyawa, a yaɓa da tafin hannu, a bi da fatar tunkiya a goge. A al'adar yankin mata ne gwanayen yaɓe, uwa ta koya wa 'ya. Gini ne da ba ya tsayawa sai da mutane, kuma abin da dokar 1957 ba ta iya tilastawa ke nan.

Ba na musun cewa dokar ta yi rana. Ba don ita ba, da tsakiyar Santa Fe ta cika da benayen gilashi kamar kowane birni, Fadar Gwamnoni ta 1610 ta zama 'yar ƙarama a gindinsu. Amma kamanni ta kare, ba sana'a ba. Yau tubalin gaske ya fi katako tsada saboda kuɗin ƙwadago, ya koma kayan attajiran da suka ƙauro daga wasu jihohi. Tsoffin gidajen laka na titin Canyon, da manoma masu jin Sifaniyanci suka gina da hannunsu, yawancinsu sun zama shagunan sayar da zane-zane, zuriyar maginan kuwa da yawa sun koma kudancin gari inda haya ta fi sauƙi.